Suna a Kan Kwano

A tashar Talata Mafara, motar Gusau ta ƙi cika. Bayan doguwar gaisuwa, Inna Kubura ta gano cewa Fa'izu, saurayin da ke zaune kusa da ita, a Turkiyya ya yi karatu.

"Allah ne ya kawo ka, ɗana. Autana can za shi. An ce ya zaɓa, ko ɗakin kwanan makaranta ko gidan haya na haɗaka. Ina bambancinsu?"

"Na makaranta akwai tsaro, Inna, kuma dafa muku ake yi. Ka ɗauki farantinka, ka ci, ka tashi."

"Na hayar fa?"

"Ku huɗu, madafa ɗaya. Kowa ya dafa nashi, ya rubuta sunanshi a kan kwano, ya sa a firji."

"Suna a kan kwano? Kamar shaidar da muke yi wa shanu a garinmu Faru?"

"Don kada wani ya taɓa."

"To in baƙo ya zo, kwanon wa ake buɗewa?"

"Ba a zuwa sai an yi waya."

Ta ƙura mishi ido. "Kai wanne ka zauna?"

"Duka biyun, shekara huɗu."

"Da wa kake cin abinci?"

Fa'izu ya kau da kai wajen masu lodi. "Da wayata, Inna."

Ta kwance ƙullin dafaffiyar gyaɗa, ta aje tsakaninsu.

"Sa hannu. Gidan haya zai shiga. Babbar tukunya zan ba shi, in ga wanda zai ji ƙamshin miyar kuka ya tsaya karatun suna."