Liƙin da Ya Raba Ni da Ɗakina a Witin

Injin niƙana na sayar, Inna ta haɗa da ragunanta, aka samu kuɗin jirgi zuwa ƙasar masu dala. Kai Sadi, ajiye wayar nan in babba yana magana.

A Witin na zauna, ina jan tasi. Su ’yan garin Wheaton suke cewa, kamar mai tauna guringuntsi. Na samu ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, wai besmen. Mu nan sai ka mutu a sa ka a ƙasa, can biya kake yi. Amma ga araha, ga ɗumi, irin ɗakin da direbobi ke shekara suna nema.

Mai gidan tsohuwa ce ’yar Sifen, Pilar, ni Madam Fila nake ce mata. Wata rana na dawo daga aiki na kwanta da hantsi, sai na ji rugugi a kaina kamar ana sussukar gero. Na hau a fusace.

“Madam, gini ake rushewa?”

“Rawa nake koyarwa.”

“Da guduma?”

Ta ɗaga takalminta, wallahi ƙusoshi ne a ƙasansa. Ta ce sunan abin filamanko, ranar Asabar za su yi a wani zaure a wata unguwa wai Northwest, in zo in gani kafin in ƙara zaginsu.

Na zuba shaddata na tafi. Wani dattijo ya buɗe baki ya tsala kuka, har na fara laluben wanda zan yi wa ta’aziyya. Ashe waƙar ke nan. Mai jita ya kama, ’yan baya suna tafi. Sai ga Madam Fila cikin jar riga mai jela, fuska a murtuke kamar an ci mata bashi. Matar da ke hawa bene tana nishi, ita ce ƙafarta ke zuba kamar kalangu. Tsigar jikina ta tashi, ba zan ɓoye muku ba.

Na duba zauren: manyan mutane, ’yan ofishin jakadanci da kwat, ba wanda ya motsa aljihu. Sai “ole, ole” kawai. Ole ce za ta saya mata man zafi? Na ce yau za su ga ɗan halak. Na hau dandamalin, na zaro daloli, na manna mata a goshi ɗaya bayan ɗaya.

Jita ta tsaya. Mai kukan ma ya yi shiru.

Da safe ta sauko da kanta.

“Ka san irin matan da ake manna wa dala a ƙasar nan?”

“Gwanaye.”

“Masu tuɓe kaya a mashaya. A gaban ɗalibaina, Habu.”

“Madam, a garinmu girmamawa ce.”

“To ka je garinku ka girmama su. Ƙarshen wata ina son makullina.”

Na ce ai dama ramin ya ishe ni. Bakin nan nawa dai. Na ƙare a wani gari kusa, Jamantawun, mu biyar a ɗaki da ’yan Maraɗi, bayi ma layi ake yi, har na tattaro na dawo gida.

Saboda haka gobe a bikin ’yar’uwarku Hadiza, in kun gan ni tsaye hannu cikin aljihu, kada wanda ya ce Kawu Habu marowaci ne. Ni na riga na yi liƙina, da ɗaki sukutum.