A Buɗe Ɗakin Farfesa Lambatu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ara mana wannan bawa nasa, ya kuma karɓi abinsa.

Shugaban Jami'a, ranka ya daɗe. Magatakarda, Shugaban Tsangaya, Shugaban Sashen Injiniyancin Halittu da Muhalli, malamai da ɗalibai. Mama, matar marigayi kuma uwarmu baki ɗaya. Yaya Babba, babban ɗan marigayi, da ƙannensa. Dattawan unguwarmu ta bayan katanga. Assalamu alaikum.

Ni mai walda ne. Ban taɓa zama a aji a jami'ar nan ba, karatuna na tsofaffin littattafai ne da nake saye a bakin titi. Mutanen unguwa suka zaɓe ni in yi magana da yawunsu, suka kuma ja min kunne cewa ban da faɗa. Na ce to, zan gwada.

Ku kuna kiransa da cikakken suna da jerin digirori. Mu Farfesa Lambatu muke ce masa, kuma yana amsawa da fara'arsa.

Ranar da na fara ganinsa, tsugune yake a bakin lambatun da ke gaban shagona, yana ɗiban baƙin ruwa a kwalba. Kun san lambatun, shi ne ke kwaso baƙin man gareji-gareji ya wuce da shi lambunan mutane. Na ajiye aikina na fito na ce, “Malam, kun sake zuwa ke nan? Ku ɗebi ƙazantarmu, ku rubuta takarda, a ƙara muku girma, mu a bar mu da wari!” Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, “Samari, bakinka ya fi lambatun nan gudu. Riƙe min kwalbar nan.” Wallahi sai ga ni riƙe da kwalba.

Washegari ya kai ni ɗakin gwaje-gwajensa, ya ɗiga ruwan a gilashi, ya ce in leƙa madubin ganin ƙananan halittu. Jama'a! Ɗigo ɗaya, amma kasuwa ce guda! Wasu na iyo, wasu na juyi, wasu na rabewa biyu a gaban idona. Na yi ihu har wata ɗaliba ta yar da biro. Ya ce, “Ka gan su? A cikinsu akwai masu cin baƙin mai. Ba sa neman albashi, ba sa yajin aiki. Abinci da iska kawai suke so.”

Ya kasance malamin da ke koyarwa da hanci. Ɗalibi zai zo da farar riga da dogon lissafi, ya ce masa, “Ajiye. Sunsuna tankin nan ka faɗa min ko lafiyarsu ƙalau.” Ya kasance mai kai aji guda cikin taɓo, har da masu takalma masu tsini. Ya kasance idan mai lambu ya yi masa gardama, sai ya ja benci ya ce, “Ci gaba, ina jin ka,” kuma da gaske yake. Ni kaina littafi ya ara min, na dawo na ce ban yarda da babi na uku ba. Ya yi dariya har da buga tebur, ya ce, “Ni ma ban yarda da shi ba, kuma ni na rubuta.”

Shekara da shekaru yana kiwon waɗannan ƙwayoyin halitta da ya tsamo daga lambatunmu, yana ware masu ƙwazo, har suka cika manyan tankuna uku a ɗakinsa. Ni na yi waldar tankunan, sau biyu yana sa ni in warware. Daga cikinsu ake ɗiban iri a zuba a matatar da ya gina mana a ƙarshen layi. Ruwa ya shiga baƙi ƙirin, ya fito garau. Mun ga ganyen lambu ya daina ƙonewa. Mun ga ƙurajen ƙafar yaranmu sun baje. Da idonmu muka gani, ba a jarida ba.

Mama, kin taɓa cewa ke huɗu kika haifa, shi ya haifi biliyan, kuma su yake fara gaisarwa da safe. Ki yi haƙuri, Mama. Mun san mun cinye miki lokacin miji. Yaya Babba, takalman robar mahaifinku da ke bakin ƙofa, kada ku ji kunyarsu. Sun fi rigar digiri daraja a wurinmu.

To, ranka ya daɗe, nan ne zan saɓa wa dattawa.

Dokar jami'a ta ce idan malami ya rasu, a rufe ofishinsa da ɗakin aikinsa har kwamiti ya zauna ya duba kaya. Doka ce mai kyau ga kujera da kabad. Amma an sa kwaɗo a ɗakin da ke cike da masu rai! Tun ranar jana'iza ɗakin nan ke kulle. Ba ni na gano haɗarin ba, ɗalibansa ne. Kullum da safe suna zagayawa baya, su hau bokiti, su zura tiyo ta taga, su ɗura wa tankuna abinci da mazurari. Tiyon yana kai wa biyu. Na ukun yana can ƙurya, kuma injin da ke hura masa iska ya tsaya. Jiya babbar ɗalibarsa ta ce min, “Mai walda, zo ka sunsuna.” Na sa hanci a taga. Warin ya sauya. Suna mutuwa.

Sun rubuta wa sashe, sashe ya tura tsangaya, tsangaya ta ce sai kwamiti, kwamiti ya ce yana cikin juyayi. Juyayi! Ana juyayin mutum ana kashe aikinsa! Ɗaliban ba za su faɗi wannan a nan ba, domin takardar shaidarsu tana hannunku. Ni ba ni da takarda a hannun kowa.

Na ji ana cewa za a sa wa wani zaure sunansa. Madalla, ni zan yi waldar allon sunan, kyauta. Amma idan tankunan nan suka mutu, babu inda za a sayo irinsu, kuma ruwanmu zai koma baƙi kafin fentin allon ya bushe. Ba alkawari nake roƙo ba, ranka ya daɗe. Makulli. Yau, kafin a raba ruwan sha.

Na ga kana magana da Magatakarda. Zan jira, ba sauri nake ba.

Magatakarda ya miƙe? Jama'a, ya miƙe! Ga Magatakarda can ya nufi ofis! Ɗalibai, me kuke jira? Ku bi shi! Wani ya biya shagona ya ɗauko akwatin kayan aiki, injin nan zai tashi yau da yardar Allah. Mama, kuka kike ko dariya? Duka biyun halal ne.

Ranka ya daɗe, mun gode, kuma na janye rabin abin da na shirya faɗa. Mun gode wa malamai, mun gode wa iyali da suka raba shi da mu, mun gode wa duk wanda ya taka ya zo.

Ya Allah, bawanka ya tsarkake mana ruwa, ka tsarkake shi daga kurakuransa. Ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya zuciyar Mama, ka tsaya wa 'ya'yansa da ɗalibansa. Abin da ya bari da rai, ka raya mana shi. Idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

A yi min afuwa, ba zan tsaya gaisawa ba. Ana buɗe ƙofa.