Na Je Makka da Ciwon Sugana, Na Dawo

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gajiya, ina iyali? Tsoho ne daga Ƙofar Guga, Katsina.

Bana kowa jirgin sama yake hawa, ni na ce sai na ruwa. 'Ya'yana suka taso, wai ga suga ga kwalara, in na mutu teku za a jefa ni. Babbansu Sule har fasfo ya ɓoye mani. Na binciko abina, na tafi!

A jirgi ruwan da na tafasa kaɗai na sha, matasa na ta dariya. Su aka kwantar a asibiti, ni na yi ɗawafi da ƙafata.

Yanzu Sule na aiko neman zamzam, bai zo gaisuwa ba. Malam, in ba shi, ko sai ya durƙusa ya ce "Alhaji" da bakinshi?