Askar Bahago

A rumfar wani tsohon maƙeri a Sharada, mutum biyu na zaune kan benci suna jiran ya dawo daga masallaci. Uwaisu, ma'aikacin kamfanin fata, ya kasa ɗauke ido daga askar da ke hannun ɗayan.

"Malam, wannan a nan aka ƙera ta?"

"A nan. Ni wanzami ne daga Dorayi, kuma bahago. Daidai hannuna ya yi mini. Godiya na zo yi."

"Ai na ji ya daina ƙera aska."

"Wata uku ina zarya kafin ya yarda. Ƙarfen ma daga ƙasan akwatinsa ya zaro. Wai ɗansa ya ajiye wa, ɗan ya guji maƙera ya tafi kamfani."

"Ajiya ai ba a kyauta da ita."

"Shekara goma sha biyu fa. Ƙarfe zai yi ta jiran wanda ba ya so?"

"Wa ya ce ba ya so? An tambaye shi?"

Wanzamin ya ƙura masa ido, sannan ya mayar da askar cikin zabira.

"To, ga baban naka can tafe. Faɗa masa da bakinka."