Ashe Ta Iya Zama

A layin awon jarirai, wata dattijuwa ta leƙa jaririyar da ke cinyar mutumin kusa da ita.

"Watanta nawa, ɗana?"

"Shida, Iya."

"Ta fara zama?"

"Ina fa! Shi ya sa na kawo ta da kaina. Ni direba ne, sai ƙarshen mako nake gida."

"Miƙo ta nan."

Ta zaunar da ita a benci, ta janye hannu. Yarinyar ta zauna daram, tana jan yatsun ƙafarta.

"Ai wannan ta kwana biyu da iyawa."

Ya sunkuyar da kai.

"Jiya na yi wa uwarta faɗa, na ce sakacinta ne. Ta ce in ajiye ta in gani, na ƙi saurara."

"To, yau ka gani. Saura ban haƙuri."