Dutsen da Ya Fi Ƙofa Faɗi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Assalamu alaikum.

Malam Liman da sauran malamai, Allah ya gafarta muku. Mai unguwa da dattawan da ke tare da shi, ranku ya daɗe. Shugaban ƙungiyar masu walda, da likitan asibitinmu da ya bar aikinsa ya zo ya zauna da mu, mun gode. Inna, matar marigayi, wadda babba da yaro duk Inna muke ce mata. Babbar 'yarsa da ƙannenta. 'Yan'uwa da maƙwabta. Sai ku ƙattin da kuka cika bencin baya har yana kuka. Sannunku da haƙuri, sannunmu baki ɗaya.

Ni mai facin taya ne. Rumfata tana jikin shagon waldar marigayi, bango ɗaya ya raba mu tun gashinmu na baƙi. Ba iya magana ce ta sa aka tsayar da ni a nan ba, na dai fi kowa daɗewa ina shan faɗansa. Kuma akwai wata magana da ke cin ran mutanen bencin baya, kowa ya ji ta a gefe-gefe: Inna ta ce a kwashe kayan ɗaga ƙarfen da ke tsakar gidanta. Zan zo kanta, ba zan kauce ba. Amma bari in fara da mai kayan.

Ya kasance siriri ƙwarai, shi ya sa muka sa masa Ƙusa, sunan ya bi shi har yara suka mayar da shi Baba Ƙusa. Baƙo in ya zo neman mutumin da ke horar da ƙattin unguwar nan, sai ya wuce shi a bakin shago yana tambayar ina ogan yake. Shi kuwa sai ya ɗaga gilashin waldarsa ya ce ogan ya fita, amma a faɗi saƙon.

Abin ya faro ne daga wasu samari da ke zaman banza a gaban shagonsa. Sun ga wasu ƙarfafa a waya suna juya taya, suna ɗaukar duwatsu, sai sha'awa ta kama su. Suka je gidan motsa jiki na cikin gari, suka ji kuɗin shiga, suka dawo jiki a sanyaye. Ƙusa ya karɓi wayar ya ƙura mata ido, ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago sai ya ce shi dai abin da ya gani taya ne da dutse da bututu, kuma a saninsa duk akwai su a bola. Daga nan ya zagayo rumfata ya tashe ni daga kan tsohuwar tayar tarakta da nake zama a kai, ya mirgina ta ya tafi. Har ya koma ga Allah bai ce mini na gode ba, ni kuma tun ranar a kan bokiti nake zama.

Ya kasance mutumin da ba ya ganin shara. Gwangwanin fenti biyu da ragowar siminti da guntun rodi, a wurinsa ƙarfen ɗagawa ne, ya lanƙwasa bakin rodin a cikin simintin don kada ya zame. Tsohuwar tukunyar gas da ta daina aiki, ya cika ta da yashi, ya yi mata hannu, a ɗauki biyu a yi tafiya da su. Buhun da ya huje ya saka shi cikin wani buhun, ya ɗura tsakuwa, ya ɗaure da robar taya. Na farkon da ya yi, ba zan ɓoye ba, ba su yi daidai ba, gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Bijimi mahauci, ga shi can yana sunkuyar da kai, sai da ya yi wata da watanni yana tafiya a karkace kamar motar da tayarta ɗaya ta sace. Da Ƙusa ya gane, bai yi musu ba. Ya aro sikelin naman Bijimin, daga ranar ba a ƙara zuba siminti ba sai an auna.

Ya kasance mai doka biyu da ba ya sassautawa. Ta farko, wanda zai ɗaga, shi zai kwaɓa siminti. Ko ɗan wane ne kai, sai ka riƙe shebur, ka tankaɗe yashi, ka jira siminti ya bushe kana yayyafa masa ruwa, kafin ka ɗora hannu a kan ƙarfe. Masu gaggawa da yawa a nan suka gudu. Ta biyu kuwa a kansa take. Duk abin da ya yi wa walda wanda mutum zai kwanta a ƙarƙashinsa, shi yake fara kwanciya, ya ce a loda nauyin, a jijjiga. Na taɓa ce masa wannan ganganci ne ga mai iyali. Ya ce mini, "In zai karye, gara ya karye a kan wanda ya haɗa shi. Ni ba zan iya kallon idon uwar wani ba."

Mu mutanen unguwar nan mun ci moriyar wannan aiki ba tare da mun lura ba. Samarin da a da ake rufe ƙofa in sun wuce, su ne yanzu ake kira in mota ta maƙale a taɓo, ko in za a sauko da marar lafiya daga bene. Likita yana nan, shi zai faɗa muku yawan tsofaffin da suka samu shanyewar ɓarin jiki, Ƙusa ya zuba musu ɗan siminti a gwangwanin madara, daidai ƙarfin hannunsu, ya kai musu har gida bai karɓi komai ba. Yakan ce waɗannan ƙananan sun fi ba shi wahala, don kuskure kaɗan a cikinsu ciwo ne.

Amma akwai wadda ta ɗauki nauyin abin nan fiye da kowa, ba ta kuma taɓa ɗaga ko gwangwani ɗaya ba. Da kayan suka yi wa bakin shago yawa, tsakar gidan Inna aka kai su. Igiyar shanyarta aka fara matsarwa, aka sake matsarwa, har ta koma shanya a kan katanga. Babban daronta na wanki ya ɓata, bayan kwana biyu ta same shi kife a kan ɗan'uwansa cike da siminti, wai ana zuba dutse mai zagaye. Ta yi faɗa, ta yi har ta gaji, sannan ta ci gaba da ajiye musu ruwan sha a bakin ƙofa kowace safiya.

A tsakar gidan nan aka zuba babban dutsen. Ƙusa ya haƙa rami mai zagaye, ya shimfiɗa leda, ya kifa daro a sama, kowa ya kawo abin da ya samu na siminti. Muna cikin ɗoki, babu wanda ya tuna ya dubi ƙofa. Kun kuma san ƙofar gidan, shi ya yi ta da hannunsa, daidai jikinsa, har Bijimi sai ya juya kafaɗa yake shiga. Da dutsen ya bushe aka tono shi, sai ga shi ya fi ƙofar faɗi. Inna ta fito ta dubi dutsen, ta dubi ƙofar, ta dubi mijinta, ta koma ɗaki. Shi kuwa ko a jikinsa, cewa ya yi ai dama ba tafiya zai yi ba, kuma wanda zai ɗaga shi yana nan zuwa. Duk ƙaton da ke wurin nan ya gwada shi kaɗai. Wanda ya fi kowa ƙoƙari, gwiwa ya kai shi.

To, ga maganar da na ce zan zo kanta.

Bayan an yi masa sutura an share makoki, samarin suka koma tsakar gidan da safe kamar kullum. A ganinsu girmama shi ne, kuma abin da zai so ke nan. Ba a daɗe ba babbar 'yarsa ta kawo saƙon Inna cewa a kwashe komai, dutsen kuma in ba zai fita ba a sa masa guduma. Ran mutane ya ɓaci. Wasu suka ce dama can ba ta son abin, ta samu dama ne. Aka wakilta ni in je in ba ta baki, na kuma tafi da maganata a shirye.

Na same ta tana ninke kayansa. Ta bar ni na yi ta zuba har na ƙare, sannan ta ce:

"Mai faci, ba haushinsu nake ji ba, 'ya'yana ne. Amma ka san abokinka. Duk wanda ya saki ƙarfe ya faɗi, sai ya ɗaga murya daga ɗaki ya ce a ajiye a hankali, nan ba wurin jifa ba ne. Yanzu da safe sai in ji ƙarfe ya bugi ƙasa, in tsaya da abin da ke hannuna ina jiran muryar, sai in ji shiru. Kullum sai ya sake mutuwa a kunnena. Na gaji."

Na yi mata sallama na fito, na zauna a rumfata na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da muka binne shi.

Ku mutanen bencin baya, ku ji ni da kyau. Mu aboki muka rasa, da uba a wajen sana'a, kuma za mu iya tunawa da shi a ko'ina. Ita gidan ne kaɗai gare ta, a ciki take kwana, a ciki take tashi. Ba mu da hakkin mu riƙe mata shi. Abin da za a yanka a yanka, za mu sake haɗa shi a filin bayan rumfata, na bayar. Babu wani abu a tsakar gidan nan da ɗayanku bai iya yinsa daga farko ba, marigayi ya tabbatar da haka tun da ya hana ku ɗagawa sai kun kwaɓa.

Inna, ki yafe mana. Mun shiga gidanki da hayaniya shekara da shekaru, muka kuma ƙara miki a lokacin da kika fi bukatar shiru. Babbar 'yarsa, ke da ƙannenki, ku sani duk ranar da gidan nan ya bukaci hannu, akwai hannaye, ba sai kun roƙa ba.

Abu ɗaya muke nema, Inna, a ɗaga mana maganar guduma. Ba za mu fasa dutsen ba, ba kuma za mu taɓa miki ƙofa ko bango ba. Ranar Asabar da safe za mu zo, duk wanda ya taɓa gwada shi ya kasa, mu kewaye shi mu sa hannu tare, mu ɗaga shi ta kan katangar baya. Mun riga mun jera tayoyi a waje da mutanen da za su tarbe shi. Za mu ajiye shi a hankali, Inna. Ba za ki ji faɗuwarsa ba.

Muna godiya ga malamai da dattawa, da duk wanda ya rufe shagonsa ya zo, da matan da suka tsaya wa gidan nan tun ranar farko. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya mayar da kowa gida lafiya.

Ya Allah, ka gafarta wa bawanka, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ka sa abin da ya yi wa 'ya'yan mutane ya yi nauyi a mizaninsa. Ka sanyaya zuciyar matarsa, ka raya abin da ya bari, ka ba mu ikon cika abin da muka ɗauka yau a gaban jama'a. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.