Teburin da ke Tsotson Katako

Tunkiyar Inna anka sayar a kasuwa anka yi min kuɗin mota. Ta ƙulla min su a gefen zane, ta ce, "Bello, in Ikko ta ƙi ka, ka dawo, Dundaye na nan inda ka bar ta." Ku matso kusa, ƙarar injin can ba ta bari a ji magana.

Wani Danjuma, mutumin Zuru, shi ya samo min aiki a kamfanin ƙera ƙofofi. Ni da na tashi da zarto da guduma, sai ga ni gaban wani teburi mai faɗin ɗakin kwana, da ƙarfe a samansa shina yawo shi kaɗai, shina sassaƙa fure a jikin katako. Danjuma ke ba shi umarni ta kwamfuta. Abin da ya fi ɗaure min kai, ba ƙusa, ba matsi, amma katakon ko motsi ba ya yi. Na sa hannu in ɗaga, wallahi kamar an liƙe da ƙaro.

"Bakum ne," in ji Danjuma. "Inji ne a ƙasa ke tsotse iska, sai teburin ya riƙe katakon."

An raba teburin gida shida, kowane gida da bututunsa da bawul ɗinsa, wato makullin iska. Gidan da katako ya rufe sai a buɗe masa, wanda ke fili a rufe, in ba haka ba ƙarfin ya tafi a banza. Su "zon" suke ce wa gidan. Ranar farko mai kamfanin, Oga Femi, ya daka tsawa, "Zon wan!" Na jefar da tsintsiya na ruga gabansa na durƙusa. Na zaci "zo nan" ya ce, ashe gida na ɗaya yake nufi. Har na bar Ikko, "Zo-nan" wasu ke kirana.

Mai gidan da nake haya ma ba ta bar ni ba. Wai alwalata ke ƙarar da ruwan tanki.

"Mama, buta ɗaya ce."

"Sau biyar! Kullum sau biyar! Kai kifi ne?"

To, ana nan sai bawulolin teburin sunka tsufa. Oga ya aika anka sayo masa sababbi masu araha, irin na famfon wanka da ake murɗawa kamar sitiyari. Kwana biyu da ɗaura su anka kawo aikin ƙofar wani coci, katako mai tsadar gaske. Ana tsakar sassaƙa katakon ya zame, ƙarfen ya keta furen tun daga sama har ƙasa. Ni ke buɗe gidajen, saboda haka kaina ta faɗo.

"Aboki, ba ka buɗe ba!"

"Oga, na buɗe har ƙarshe."

"Saura katako ɗaya. In ya lalace, ka nemi motar garinku."

Na fita na zauna bayan shago, ko abincin rana ban iya ci ba. Tunkiyar Inna kawai nake gani. Can sai na tuna noman rani a fadama, lokacin da babana ya sa wa injin ban ruwa siririn tiyo a wajen tsotso. Injin na ta kuka, ruwa na ɗiga kamar hawaye. Na koma ciki na kwance bawul ɗaya na leƙa. Bututun teburin hannun jariri zai shiga, amma ramin cikin bawul ɗin da ƙyar ɗan yatsana ya wuce. Na mayar, na ce Danjuma ya tada injin, na yago 'yar leda na kai wuyan bawul ɗin. Caraf ta manne. Ga maƙogwaro ƙarami, ga shi shina shan iska ta wuya.

Bayanin ya fi ƙarfin ɗan Turancina, sai Danjuma ya yi min tafinta wajen Oga. Oga ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai injiniya ne?"

"A'a, Oga. Albasa nake nomawa."

Bai yi dariya ba, amma ya ce mu tafi kasuwar kayan famfo. Duk shagon da munka shiga sai in ɗauki bawul in kai ido in hangi rana ta cikinsa. Wani mai shago ya tambayi Danjuma ko lafiyata lau. A shago na huɗu na samu abin da nake nema: mai ƙwallo a ciki, ramin daidai da faɗin bututun, da hannu dogo da ake juyawa sau ɗaya. In hannun ya bi bututu a buɗe yake, in ya gitta a rufe. Daga bakin ƙofa ma mutum zai gane, ba sai an yi ta musun wa ya buɗe wa bai buɗe ba.

Munka ɗaura guda shida, munka naɗe mahaɗin kowanne da farin tef don kar iska ta shiga. Anka ɗora katakon ƙarshe. Oga da kansa ya sa ƙirji ya tura, ya sake turawa har takalminsa ya zame. Katako ko gezau. Awa uku ƙarfen na yawo, ni kuwa babu addu'ar da ban karanta ba. Da ƙofar ta fito lafiya, Danjuma ya rungume ni, Oga ya aika anka sayo min shinkafa da kaza guda.

Shekara huɗu na ƙara a wurin kafin in dawo in buɗe wanga shago. Har yau Oga kan kira ni. Kwanan baya ina gida muna cin tuwo sai ga wayarsa, wai teburi ya ƙi riƙe wani ƙaramin katako. Na ce a dubi gida na biyar. Ashe a buɗe anka bar shi. Ya yi ta godiya, har da "injiniya".

Inna na gefe tana saurare. Da na aje wayar ta ce, "Mi ka gaya masa haka yake ta murna?"

Na ce, "Cewa na yi ya rufe famfo."

Ta aje lomarta ta ce, "Bello, a kan wannan na sayar da tunkiyata?"